Baƙuwar Don Naúm Kagan

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukaki, mai ƙasa da abin da ke kanta, wanda ya shimfiɗa ta bai shawarci kowa ba, ya kuma ƙaddara cewa komai faɗin gonar mutum, rabonsa na ƙarshe ba zai wuce tsawon jikinsa ba. Muna roƙonsa ya daidaita mana harshe, ya tsare mu daga yawan magana da ƙarancin aiki.

Don Naúm Kagan yana jan kujeru yana jera su sahu-sahu a zauren Ƙungiyar Yahudawa ta garinmu, gwiwarsa tana ƙara kamar tsohon ƙyaure, mutum uku kuwa suna zaune a kan dandamali suna shan mate, shayin ganyen ƙasar nan da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya, suna kallonsa. Lahadi ce, cikin zafin Disamba, irin zafin da kogi ke turowa mai liƙe wa mutum riga a baya. Babu wanda ya ce masa kawo in taya ka. Su masu tunani ne, sun tanadi ƙarfinsu domin yamma.

Da yamma za a yi muhawara. An manna sanarwa a ƙofa da manyan baƙaƙe: “Shin al'ummomin da aka tsananta wa, irin su Yahudawa da Gitanawa, sun cancanci ƙasa tasu ta kansu?” Gitanawa dai su ne al'ummar nan da aka sani da yawo da tantuna daga ƙasa zuwa ƙasa. A can ƙasan takardar an ƙara da cewa za a raba lemo da abin taɓawa bayan an tashi, kuma a ganin Don Naúm wannan layin ne zai cika kujerun.

Wanda ya ƙirƙiro taron shi ne Dakta Silvio Bercovich, likitan haƙori, sakataren ƙungiya. Shi ya gayyato Farfesa Etchegaray, malamin tarihi, wanda ya iso daga Paraná a motar safe da jakar takardu. Ta ukunsu Doña Graciela Ponce ce, kansila, wadda ba ta ƙin hawa kowane dandamali idan zaɓe ya gabato. Shi kuwa Don Naúm shi ne shugaban ƙungiyar, ba don ya nema ba, sai don jikokin waɗanda suka zo daga Rasha suka sare dajin nan sun watse, wasu Buenos Aires, wasu Isra'ila, wasu maƙabarta. Tun da matarsa Berta ta rasu ya sayar da kantinsa na yadi, ya koma ɗakunan da ke saman zauren da zama. Mabuɗin gidan a ɗamararsa yake kwana.

“Ƙasa ai ƙirƙira ce, Dakta,” in ji Farfesa, yana gwada muryar da zai yi amfani da ita da yamma. “Wani ne ya ja layi a takarda, ya ɗaura ƙyalle a sanda, ya ce a mutu dominsa. Ku kun samu taku. To waɗanda kuka tarar a wurin fa, ina tasu?”

“Ranar da aka kwashe danginka a taragon shanu zuwa sansanin kisa, Farfesa, ka zo mu yi maganar ƙyalle,” in ji Dakta Silvio. Ya gutsuri burodin nan mai siffar jinjirin wata, ya ci gaba da baki cike. “Da ƙannen kakata suna da inda za su gudu, da yau ina da dangi.”

Don Naúm ya ajiye kujera a hankali. Ya san nauyin wannan tambaya. Jikan ƙanwarsa yana kwance a kabari a can Isra'ila, ya tafi yana saurayi, kuma ya san a ɗaya ɓangaren ma iyaye mata suna binne 'ya'yansu. Ya sha kai maganar gaban Ubangiji a cikin addu'a, bai taɓa dawowa da amsar da za a iya faɗa ana tauna burodi ba.

“Ni dai a ba kowa,” in ji Doña Graciela. “Yahudawa, Gitanawa, kowa da kowa. Ƙasa ta ƙare ne? Ga Patagoniya can, iska ce kawai ke yawo a cikinta.”

“A'a, Doña, kada ki yi musu wannan mugunta,” in ji Farfesa. “Gitanawa su ne 'yantattu na ƙarshe a duniya. Ka ba Bagitane ƙasa, ka sa tsuntsu a keji.”

“Su ba su ma taɓa nema ba,” in ji Dakta. “Ba littafi, ba birnin da suke fuskanta in za su yi addu'a.”

“Amma wuta ɗaya ta ƙone ku,” in ji Farfesa.

“Na sani. Na ware musu sakin layi guda a jawabina.”

Ana cikin haka haske ya ragu a bakin ƙofa. Wani ƙaton mutum ne ya tsaya, hularsa a hannu. Lasho Traico ne, mai sayar da tsofaffin motoci a hanyar gada. Don Naúm ya dube shi sau ɗaya ya ga abin da sauran ba su gani ba: mutumin da kullum fuskarsa take sheƙi yau bai yi aski ba, bai taje kai ba, rigar jiya ce a jikinsa. Mutanen Lasho haka suke yi idan an yi musu rasuwa. Mutanen Don Naúm ma haka suke yi.

Farfesa ya miƙe kamar wanda ya tsinci dami a kala. “Kai, Allah ya kawo! Malam, kai Bagitane ne?”

“Tun safe dai haka nake,” in ji Lasho.

“Madalla! Dakta, a ƙara kujera a dandamali. Malam, gaya mana tsakaninka da Allah, ku kuna son ƙasa?”

“Zaure nake so.”

Ƙoƙon mate yana hannun Doña Graciela, kuma ko yaro a ƙasar nan ya san wanda ya shigo shi ake miƙa wa. Ta cika shi da ruwan zafi, ta dubi Lasho da murmushi mai faɗi, ta miƙa wa Farfesa wanda yanzu ya sauke shi daga baki.

Lasho bai ko kalle ta ba. Ya nufi Don Naúm, ya tsaya a gabansa.

“Don Naúm, tsohuwa ta tafi. Da asuba, a asibiti.”

Don Naúm ya dafa bayan kujera. “Albarka ta tabbata ga Alƙali mai gaskiya,” ya faɗa a hankali, kamar yadda ake faɗa idan an ji mutuwa.

Persa ce, mahaifiyar Lasho. Ba za a ce su abokai ne ba, domin babu wanda ya taɓa taka gidan wani. Amma tsawon shekarun da ya yi a kanti, takan shigo da surukanta a baya, ta sa ya sauko da kowane bandir na yadi mai ja da furanni, ta murza da yatsu, ta yatsina fuska, ta kira shi ɓarawon Rasha. Shi kuma ya kira ta uwar 'yan fashi. Su kai har azahar suna ja-in-ja, sannan ta sayi wanda ta fara kushewa. Bayan ya rufe kantin, duk inda ta hango shi a dandalin gari sai ta ɗaga murya: “Ɓarawo, har yanzu ba ka mutu ba?” Shi kuma ya amsa: “Ke nake jira ki yi gaba ki share hanya.”

Ga shi ta yi gaba.

“Ka san mu ba ma shigar da gawa gida,” in ji Lasho. “Da can tanti ne, a ƙone shi a tashi. Yanzu gidan siminti ne, da jikoki a ciki. In ta kwana a ciki, babu matar da za ta sake ɗora tukunya a gidan. Na je wurin masu shirya jana'iza, mai gidan ya ce duk ɗakunan ana fenti. Na leƙa ta taga, Don Naúm, ko warin fenti babu. Na je zauren coci, an ce Fada ya yi tafiya, mai riƙe da mabuɗi kuma ƙasa ta haɗiye shi. Kulob ɗin ƙwallo ana bikin wata yarinya. Otal ɗin dandali sun ce ba su da wuri. Asibiti kuma sun ce in ɗauke ta kafin rana ta yi sanyi. Dangi suna kan hanya daga Rosario, daga Mar del Plata, har daga Neuquén. Kwana uku muke zama da ita. Ina zan ce musu su same ta, a bayan a-kori-kura?”

Mutanen da ɗazu suke rarraba Patagoniya suka dubi faɗin ɗakin da ba zai ɗauki shanu talatin ba, kowa ya ga ya yi kaɗan.

“Allah ya jiƙanta, kai, abin ya taɓa ni,” in ji Doña Graciela, ta dafa ƙirji. “Ba don ni ba, ka gane? Maƙwabta ne. Motoci za su cika titi. Kuma sai da izinin hukumar lafiya, yau ga shi Lahadi.”

Farfesa ya koma ya zauna, ya shiga gyara takardunsa. “Wannan al'amarin cikin gida ne, ni baƙo ne. Sai dai an riga an sanar da jama'a, kuma jawabin nan na daɗe ina aikinsa.”

Dakta Silvio ya kama Don Naúm a gwiwar hannu ya ja shi gefe, ya yi raɗa irin wadda ake ji daga titi. “Ga piyano. Ga fitilun azurfa na kakanninmu a cikin kabad. Ɗaruruwa za su zo, Don Naúm. Ka san su.”

“Na san su. Ya taɓa sayar mini da mota, ta mace a tsakiyar gada.”

“Kai ka kashe ta, Don Naúm,” in ji Lasho daga inda yake tsaye. “Mota ba ta tafiya da karatun Zabura, sai an zuba mata mai.”

Dakta ya saki hannun tsohon. Sai fuskarsa ta washe kamar ta wanda ya gano haƙorin da ke ciwo.

“Af! Mun manta da babban abu. Don Naúm, kai fa kohen ne.”

Gaskiya ya faɗa. Don Naúm daga zuriyar Annabi Haruna yake, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma an ɗora wa mazan wannan zuriya abin da ba a ɗora wa sauran ba: ba sa kasancewa ƙarƙashin rufi ɗaya da gawa, sai ta makusanci na jini ko ta matar aure. Duk rayuwarsa a bayan shingen maƙabarta yake tsayawa yana raka abokansa da ido. Ya taɓa barin asibiti da allurar ruwa a hannu domin ya ji an yi rashi a ɗakin kusa. Sau ɗaya ya taka cikin kaburbura a shekarun nan, ranar Berta. Ɗakunansa kuwa suna saman zauren, rufi ɗaya, matakala ɗaya.

Dakta ya juya ga Lasho da fuskar masu tsoron Allah. Wannan Dakta ne da ke buɗe asibitinsa ranar Asabar, wanda ba ya wuce mai gasa tsiren alade a bakin filin ƙwallo sai ya tsaya. Akwai mutanen da ke ajiye dokar Ubangiji a cikin aljihun tebur tare da cokulan kaka, ba sa fito da ita sai ranar da za a sallami baƙo.

“Ka gani, Señor Traico, ba mu ba ne. Addini ne ya hana. Tsohon nan a sama yake kwana, kuma haramun ne ya kwana gida ɗaya da mamaci. Da ba don haka ba, wallahi da hannu biyu.”

“Abin sha'awa!” in ji Farfesa, ya zaro alƙalami. “Tsarkin firistoci, har yanzu yana raye a lardin Entre Ríos. Zan sa wannan a jawabi.”

Don Naúm yana kallon Lasho. Maganar maƙwabta da ta piyano duk da ɗan murmushin raini Lasho ya karɓe su, irin na mutumin da ya ji makamantansu tun yana goye. Wannan kuwa sai ya sunkuyar da kai. Mutanensa ma suna da abin da ke ƙazantar da gida da abin da ke tsarkake shi, kuma ba a ciniki a kansu.

“Wannan na gane,” in ji shi. “Abin da aka hana an hana. Ka yafe ni, Don Naúm, ban sani ba.”

Ya sa hularsa, ya juya.

A cikin duk mutanen da ke ɗakin, wanda aka kora da dokar shi kaɗai ya girmama ta. Wannan ne ya dami Don Naúm. Ya tuna karatun da ya yi a gaban mahaifinsa, cewa gawar da ba ta da mai binne ta ko babban firist ya tarar da ita a hanya wajibi ne ya tsaya. Amma bai yaudari kansa ba, Persa tana da masu binne ta, har sun yi yawa. Ba ta wannan ƙofa zai bi ba. Ya sake juya dokar a zuciyarsa kamar yadda Persa ke juya yadi, ya duba gaba, ya duba baya. Ta ce kada shi da gawa su haɗa rufi. Bai ga inda ta ambaci wanda zai fita ba.

“Lasho. Tsaya.”

Ya kwance mabuɗin daga ɗamara. Yatsunsa sun daɗe a kan ƙullin, ba wanda ya taya shi.

“Naman alade ba zai shiga madafar nan ba.”

Lasho ya dubi mabuɗin, ya dubi tsohon. “A bayan gida fa, a fili?”

“A can ƙarshen fili, kusa da katanga. Da tukwanenku.”

“Ai ko ka ba mu naku ba za mu taɓa ba.”

“A rufe piyano da bargo. Kyandir kada ya kusanci labule. Hotunan bango kuwa a bar su inda suke, su ma matattu ne, ba za su dame ta ba.”

“Kai kuma fa?”

“Ni na san inda ƙofa take.”

Dakta Silvio ya yi tsalle daga dandamali. “Ba ka da ikon yin wannan kai kaɗai! Ga taro, ga baƙo daga jami'a! Kwamiti zai zauna a kanka, Don Naúm, kujerar da ɗakunan duka. Ba gadonka ba ne.”

“Ku zauna,” in ji Don Naúm. Ya san ba barazanar banza ba ce. Dakta ya daɗe yana lissafin abin da ɗakunan sama za su kawo idan aka ba da su haya, yana jiran dalili ne kawai, yau kuma an miƙa masa a faranti. Don Naúm ya sa mabuɗin a tafin Lasho, ya nufi matakala.

Kafin ya gama hawa, Doña Graciela ta ɗaga waya. Ba ta fi tsawon shan ƙoƙon mate ɗaya tana magana ba, sai ta sanar da cewa an samu wuri, muhawara za ta koma babban zauren otal ɗin dandali, mai na'urar sanyaya ɗaki. Otal ɗin da ya gaya wa Lasho da safe ba shi da ko kusurwa.

Don Naúm ya sauko da 'yar jaka. Mayafin addu'arsa ne a ciki, da littafinsa, da magunguna, da riga ɗaya. Ya tarar da Dakta a gindin matakala shi kaɗai, waya a hannu, fushin ya ɗan sauka. Ba mugu ba ne can-can. Don Naúm ne ya riƙe shi a cinya ranar da aka yi masa kaciya, kuma wani lokaci yakan tuna.

“Don Naúm, na duba a waya. Akwai malaman da suka ce gawar wanda ba Bayahude ba ba ta hana kohen zama a gida. Tunda ka riga ka yi abin da ka yi, koma sama abinka. Da wannan gwiwar ina za ka?”

“Na san maganar. Manya ne suka faɗe ta, kuma suna da hujjarsu, ba raini suke nufi ba. Wasu manyan kuma suka ce a kiyaye. Mahaifina na biyun ya bi.”

“To yau ka bi na farkon mana. Wa zai sani?”

“Silvio, ɗazu addini ya hana ta shigowa, yanzu kuma ya ce ba ta kai ta fitar da ni ba. Wace irin waya ce wannan taka?” Ya gyara riƙon jakar. “Matar nan ta ƙare ƙuruciyarta tana zagina a gaban abokan ciniki. Da ɗan'uwanmu Bayahude ne, Moishe ko Zalman, aka shigo da shi, da tuni ina titi. Ba zan zauna a samanta ina shan shayi kamar buhun masara aka ajiye a ƙasa ba.”

Dakta ya mayar da wayar aljihu. Gidansa yana da ɗakin baƙi da ba kowa a ciki, duk garin an sani. Ya dubi agogo, ya ce taro ya kusa, ya fita.

Don Naúm ya ɗauki kujera ɗaya daga cikin waɗanda ya jera. Ba zai zauna a ƙarƙashin rumfar ƙofa ba, domin ita ma rufin gidan ce. Bishiyar da ke bakin titi kuwa rassanta sun kwanta a kan kwanon, inuwarta ma ta haramta gare shi. Ya ja kujerar ya tsallaka titi, ya dasa ta a jikin bangon kantin magani da ke rufe, inda rana ke duka ba sassauci. Ya ɗora hankici a kan hularsa, ya zauna.

Daga nan ya ga an kawo ta. Maza shida suka sauko da akwatin daga mota, suka shiga da shi ta ƙofar da sanarwar muhawara take manne har yanzu. Sai motoci suka fara isowa, masu ƙurar hanya mai nisa, suka cika titi kamar yadda kansila ta hango. Mata suka fito da dogayen siket har idon sawu, kuka ya tashi, irin kukan da ba a jin kunyarsa. Wata tsohuwa ta wuce kusa da shi sanye da ja mai manyan furanni rawaya. Ya gane yadin nan take. Daga kantinsa ya fito, kuma Persa ta rantse masa a ranar cewa ba zai kai wanki biyu ba.

Rana ta karkata. Ya miƙe da ƙyar ya fuskanci gabas, ya yi addu'ar yamma a tsaye a bakin titi, masu wucewa suna kauce masa. Da ya idar ya ga Lasho da wasu ƙarti uku suna turo wata tsohuwar mota mai faɗi kamar kwalekwale. Suka tsayar da ita daidai gabansa, suka sa dutse a bayan taya.

“Kujerar baya ta fi gadonka laushi,” in ji Lasho. “Matata ta sa bargo da matashi, sababbi. Wannan ba ta buƙatar mai.”

“Ba dai ita ce ta gada ba?”

“Ƙanwarta ce. Hali ɗaya.”

Ya miƙa masa shayi a kofin gilashi, irin nasu, da yankakken tuffa da lemo a ciki. Takardar kanti tana manne a gindin kofin ba a ɓare ba, domin tsohon ya san babu bakin da ya taɓa shi. Don Naúm ya yi albarka, ya kurɓa. Sai aka kira Lasho daga ciki, ya tafi.

Gab da faɗuwar rana motar Doña Graciela ta biyo ta titin, tana lallaɓawa tsakanin motocin baƙi. Ta sauke gilashi kaɗan.

“Don Naúm, ka yi asara! Zaure ya cika maƙil. An kaɗa ƙuri'a a ƙarshe, mafi rinjaye sun yarda dukanku kun cancanta, ku da su. Ka ga tafi kuwa!”

“Allah ya saka,” in ji shi. Gilashin ya koma sama.

Bayanta kaɗan sai ga ɗan sanda a kan babur, saurayi, sabon zuwa garin. Maƙwabta ne suka kira. Ya tsaya ya dubi ƙofar zauren, ya dubi ƙartin da ke tsaitsaye a bakinta da gemun kwana ɗaya, ya ga wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ya waiwaya yana neman wanda zai iya da shi, sai ya hango tsoho a kan kujera a jikin bango, da jaka a ƙafa, da bargo a cikin matacciyar mota.

“Kaka, an hana kwana a titi fa. Ba ka da gida ne?”

“Ina da shi.” Don Naúm ya nuna da kofin. “Ga shi can, mai tagogi biyu a sama.”

“To me kake yi a nan?”

“Na yi baƙuwa.”

Allah ya jiƙan Persa, ya yalwata mata makwanci fiye da yadda garinmu ya yalwata mata. Ya jiƙan Berta, da waɗanda aka kashe ba su samu ko kabari ba, da duk wanda uwa ta binne a kowane ɓangare na kowace iyaka. Kai kuma mai karatu, Allah ya ba ka rufin da za a kwantar da kai a ƙarƙashinsa, da wanda zai buɗe maka ƙofa ranar da ba ka da bakin roƙo. Amin.